Wa Zai Cuɗa Mini Ƙafa?

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Sati shida ke nan da aka sa mini ƙarfe a ƙugun hagu. Sikila ta cinye ƙashin, ina da shekara talatin da huɗu ina tafiya kamar kakata. Yau mun koma asibiti a Kano, likita ya ce ƙarfen ya zauna. Muna fitowa wata ma'aikaciyar asibitin mai gashin ƙashi ta ja ni gefe, ta miƙo mini takarda a ninke. "Ku duba tare da maigida in kin cika sati takwas." Na buɗe a mota. Zane-zanen mace da namiji ne a kwance, wasu an amince da su, wasu an ja musu jan layi, har da lamba! Tir. Ga maigidan nawa, Baban Amira, zaune a gefena. Na cusa ta ƙarƙashin magunguna a jakata har muka iso gida Haɗeja.

Laraba, 3 ga Yuli
Na kalli tabon a madubi. Taƙi guda, baƙi, a kumbure, kamar bakin buhun shinkafa da aka ɗinke da gaggawa. Na juya madubin ya kalli bango.

Asabar, 6 ga Yuli
Yaya Fanna, da ta zo daga Kirikasamma jinyata, ta kwance ƙullinta yau. Gumba, tsimi a gora, da wani baƙin abu mai yauƙi. Wai kayan mata. "Ki sha, Zainaba, kin bar bawan Allah wata biyu." Ni da ko takalmi ba na iya sa wa kaina! Na ce ta kai wa awaki.

Talata, 9 ga Yuli
Bari in rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Ba ƙarfen nake tsoro ba. Kwana goma sha biyu a asibiti Baban Amira ne yake zubar mini da fo. Ya wanke, ya dawo da shi, har ya duba kalar fitsarin ya faɗa wa nas. Mutumin da a da ko gyatsa ba na yi a gabansa. Yanzu in ya shigo ɗaki magana biyu ce: "Sannu" da "Kin sha magani?" Ya ce mini sannu ta fi dubu. Na tsani kalmar nan. Shekara goma sha ɗaya ina da miji, yanzu mai jinya gare ni, kuma ina jin haka za mu ƙare.

Juma'a, 12 ga Yuli
Yaya Fanna tana durƙushe tana cuɗa mini ƙafa a banɗaki sai wani tunani ya faɗo mini. An hana ni sunkuyawa, an hana ni harɗe ƙafa, an hana ni zama a ƙasa. To ko na yarda da takardar can, wankan fa? Wankan janaba sai an cuɗa ko'ina, har tsakanin yatsun ƙafa, tun muna Islamiyya aka koya mana. Hannuna iyakarsa gwiwa. In kira Yaya in ce zo ki cuɗa ni, ki yi a jere, wanka na musamman nake yi? Kafin la'asar duk Kirikasamma ta ji. Mai zanen nan ya tuna da filo a tsakanin gwiwa, bai tuna da wanka ba.

Lahadi, 21 ga Yuli
Takardar ta ɓace daga jakata. Ashe tana aljihunsa. Ya dawo daga yankan ciyawar kachalla a kogi, ya cire riga, ta faɗo a jiƙe. Ya tafi da wannan ƙazanta cikin maza, a kwalekwale!

Na zazzaga masa. Ya tsaya yana murza hula. Abin da na tuna ya ce shi ne, "Kwana biyar ina haddace ta. Tsoro nake kar in karya ki." Na ce ba karaya ce matsalata ba, wa zai cuɗa mini ƙafa bayan nan? Ya ce, "Ni mana." Na ce abin da ba na so ke nan, na gaji da ganin ƙeyarsa a durƙushe a gabana. Ya fita bai ci tuwo ba. Ni ma ban ci ba, amma ni miyar ce ba ta yi mini ba.

Alhamis, 25 ga Yuli
Ya ɗora gadonmu a kan bulo huɗu. Yaya Fanna ta yaba masa, wai ya yi hangen nesa, ruwan bana zai shigo gari. Ni na san a wace takarda aka ce gado ya yi tsayi.

Sannan ya kawo mini sanda da soso ɗaure a kanta. Guntun gorar tuƙa kwalekwalensa ce. Ƙarnin tarwaɗa kamar ya kashe ni. Da wannan zan yi tsarki? Na wurga ta tsakar gida, kaji suka watse.

Asabar, 27 ga Yuli
Yau bai tambaye ni magani ba. Na sha da kaina.

Talata, 30 ga Yuli
Na tarar da wata sandar a banɗaki, sabuwa, an kankare ta sumul. An turara ta da turaren wuta, kuma na san nawa ne aka sata, kwalbar ta yi ƙasa. Ga doguwar kujera a gefe. Na kori Yaya, na kulle ƙofa, na gwada. Ta kai har ƙaramin yatsa. Na daɗe a ciki. Sabulu ne ya shiga mini ido.

Asabar, 3 ga Agusta
Yaya Fanna da Amira sun tafi suna tun safe. Ruwa ya tsuge da hantsi, ba a fita jera buhunan yashi a bakin kogi ba, ya zauna a gida.

Lamba ta biyu a takardar. Har yanzu zanen mummuna ne, ban canza ra'ayi ba.

Na yi wanka kafin azahar, ni kaɗai. Da Yaya ta dawo ta ga kaina a jiƙe ta ce wa ya yi mini, na ce ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tafi duba tukunya.

Ƙarfen yana nan inda likita ya sa shi. Tabon ma ya gani, da rana tsaka. Bai ce mini sannu ba ko sau ɗaya.