Abin da Belkis Ta Faɗa a Rediyo

San Pedro, watan Maris

Zuwa ga Yaya Radames,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Nereida da ɗanka Wilkin. Chepe direban bas ne zai kawo maka wannan, don na kashe wayata. Zagin da ke shigowa ya fi ƙarfin kunnena.

Na san labari ya iso gare ka, amma ka ji daga bakina. Akwai wata yarinya a ajina, Yaniris, shekararta tara. Uwarta ta kwanta rashin lafiya, babu mai kai ta a miƙar mata da gashi, sai ta zo makaranta da kanta yadda Allah ya halicce shi. Shugabar makaranta ta tare ta a bakin ƙofa, gaban yara, ta ce, "Koma gida a gyara miki wannan mummunan gashin. Nan makaranta ce, ba gonar rake ba." Yarinyar ba ta yi kuka ba. Hannu kawai ta ɗora a kanta, kamar mai rufe wani abin kunya.

Ranar taron iyaye na miƙe na faɗi abin da ke raina. Wani ya ɗauka a waya, ya yaɗu, sai gidan rediyo suka kira ni. Can na ce ni baƙar mace ce, uwata baƙa ce, kuma rabin masu zagina in suka duba madubi da kyau za su ga kakarsu tana kallon su. Abin dariyar, Yaya, ita shugabar in ka jera mu a rana ba ka ce ga wadda ta fi wata duhu ba.

Ban yi nadama ba. Tunda nake ban taɓa jin ƙirjina sakayau haka ba.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Belkis

Punta Cana, watan Afrilu

Belkis,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Sannu, gwanar rediyo! Ke ƙirjinki sakayau, ni nawa kamar an ɗora dutse. Ko'ina na bi a otal ɗin nan sai tsiya. Mai wanke kwanuka ma, wanda ya fi gindin tukunya baƙi, cewa ya yi, "Radames, ashe ƙanwarka ta gano ku baƙaƙe ne? To, motar da ke mayar da baƙin haure kan iyakar Haiti da safe take tashi, a ajiye maka kujera?" Kowa ya kwashe da dariya. Ni ma na yi. Ya zan yi? Da farantin baƙi a hannuna zan yi dambe?

Kin san ƙasar nan sarai. Kowa ya ga fatarmu, babu makaho. Amma muddin ba ka faɗa da bakinka ba, sai a bar ka ka ci shinkafarka da wakenka. Da ka ce "ni baƙi ne", abin da kunnensu ke ji shi ne "ni ɗan Haiti ne". Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to wannan ruwan gidanmu duka zai doka.

Wilkin ya cika sha shida. Masu neman 'yan wasan besbol, wasan nan na jifan ƙwallo a buge ta da sanda, daga Amurka sun ga jifarsa, sun yaba, takardar haihuwarsa kawai suke jira. Tun yana ɗan shekara shida yake jifa da murfin kwalba. Ki yi shiru, don Allah.

Kafin ki ƙara buɗe baki, je ƙauye ki tambayi Mama daga ina babanta ya zo.

Yayanki,
Radames

San Pedro, watan Yuni

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida.

Na je. Na iske Mama a bakin ƙofa tana ɓarar wake. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Yayanki ne ya turo ki." Sannan ta faɗa mini. Kaka ba mutumin garin Samana na ƙasar nan ba ne kamar yadda aka raine mu a kai. Daga Haiti aka kwaso su a bayan babbar mota, yankan rake. Sunansa Dieudonné, mai gona ya ce bakinsa ba zai iya ba, ya mai da shi Dionisio. Ta ce kai ka sani, don ka ji shi yana waƙa da harshensu kafin ya rasu, ta kuwa mare ka ranar da ka maimaita waƙar a titi.

Na ce, "Mama, ai wannan ba abin kunya ba ne."

Ta ce, "Wa ya ce miki kunya ce? Tsoro ne, 'yata. Tun ina budurwa na ƙulle bakina don ku yi karatu. Ke kuma karatun ne ya buɗe miki baki."

Na zauna na taya ta ɓarar waken.

An dakatar da ni daga aiki, wai ina raba kan al'umma. Malaman da suka tafa mini ranar taro yanzu gaisuwa ma da ka suke yi. Wani kuma ya kai ƙarar zuriyarmu ofishin rajistar haihuwa. Na je sabunta katina na shaidar ɗan ƙasa, matar da ke wurin ta kalli sunan, ta kalle ni, ta ce ana bincike, in dawo. Na ce yaushe? Ta ce, "Ki dai riƙa leƙowa."

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Amma na haɗu da Yaniris a kasuwa. An miƙar mata da gashi, maganin ya ƙona ta a bayan kunne. Da ta gan ni sai ta ɓuya bayan uwarta. Uwar ta ce, "Malama, na san alheri kika nufa. Amma don Allah ki daina ambaton sunan 'yata. Da can gashinta kawai ake zagi. Yanzu ko mai zama kusa da ita a aji babu."

Ka gaya mini, Yaya, wa na taimaka?

Ƙanwarka,
Belkis

Punta Cana, watan Agusta

Ƙanwata Belkis,

Ina fatan kina cin abinci. Chepe ya ce kin rame.

Ba faɗa zan yi ba, ƙarfin faɗan ma babu. Sun hana Wilkin takardarsa. Sun ce tawa tana cikin bincike, tasa kuwa a jikin tawa take. Mutumin Amurka ya ce zai jira zuwa ƙarshen kakar wasa, daga nan akwai yara da yawa masu hannun jifa. Yaron ya daina zuwa fili. Jiya yana tsakar gida, ya ce mini, "Baba, to mu 'yan ina ne?" Ni da ban taɓa taka Haiti ba, ko gaisuwarsu ban iya ba. Nereida ta tafi gidan iyayenta da ƙananan yara, wai sai ƙura ta lafa. Ubanta ya ce da ma shi tun farko ya yi zargi.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da na ji ki a rediyo, ɗakin ajiya na shiga na rufe ƙofa, na yi kuka. Gaskiya kika faɗa, babu ƙarya ko ɗaya. Tunda na fara aiki a nan ake ɗauko yara masu hasken fata a ɗora a kaina, ni nake koya musu aikin.

Amma wani da ya san na ciki ya ce in kika koma rediyo kika janye, kika ba shugabar haƙuri, wataƙila a saki takardunmu. Wataƙila ya ce, bai yi alkawari ba. Na san abin da nake roƙonki. Ba don ni ba, don yaron.

In kin ƙi, ba zan riƙe ki a zuci ba. Allah ya dube mu.

Yayanki,
Radames

San Pedro, watan Satumba

Yaya,

Gaisuwa.

Na je rediyon. Na ce ɓacin rai ne ya ɗebe ni, ƙasarmu ba ta san bambancin fata ba, duk uwa ɗaya uba ɗaya muke. Mai shirin ya yi dariya, ya ce, "Madalla! To Malama, yanzu ke wane launi ce?" Na ba shi amsar da kowa ke bayarwa don gudun cewa baƙi. Na ce launin kirfa.

Daga can na wuce ofishin. Matar ta ce ta ji ni, na kyauta. Ta ce in riƙa leƙowa.

A bakin ƙofa akwai wata tsohuwa cikin masu jiran takardu, da ganin hannunta ta sha yankan rake. Ban san ta ba. Ta riƙo gefen rigata, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke ma, Malama?"

Ka gaida Wilkin. Kada ka faɗa masa na je rediyon.

Belkis