Tabarmar Umma da Direbobin Hanyar Katabu

Zuwa ga Shugaban direbobin ƙananan bas na tashar da ke kan hanyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk direbobin da ke ƙarƙashinka.

"Hajiya, ki sa mana a rubuce, za mu duba." Haka ka ce mini ranar da na zo ofishinka, waya a kunnenka na dama, na hagu kuma ka ba ni aronsa. To ga shi na rubuto. Na aika wa jarida ne saboda na ga inda takardun da ake kawo maka suke ƙarewa, a ƙarƙashin ƙafar fankar ofis, kuma fankar ta riga ta tsaya daidai, ba ta buƙatar tawa. Ba zan ambaci sunanka ko na tashar ba. Ka san kanka, ni ma na san ka.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ina zaune a Katabu tare da mahaifiyata, wadda muke kira Umma. Tun ina jami'a nake tuƙi, ban taɓa buge ko akuya ba. Bara Umma ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki. Likita ya ce sai an dage da gashin ƙashi, in ba haka ba ƙafar za ta sandare, ta ƙare rayuwarta a kan gado. Don haka Talata da Alhamis nake ɗaukarta zuwa wani ƙaramin asibiti a Unguwar Rimi. Ba ta iya dogon zama, kwanciya take yi a kujerar baya, da matasai a gefenta. Ramin da direbanka yake faɗawa bai ko daina tauna goro ba, ita a ƙashinta take jin sa. Shi ya sa nake tafiya a hankali, a hannuna na dama, na bar muku sauran titin gaba ɗaya.

Ga ƙorafina.

Na farko, mannewa. Ranka ya daɗe, direbobinka ba sa wuce mutum ko da hanya a buɗe take. Sai sun fara zuwa sun manne masa a baya tukuna, kamar akwai gaisuwar da ba ta yiwuwa sai bamba ya kusa taɓa bamba. Akwai wani daga cikinsu mai hula ruwan toka, wanda daga baya na ji ana kira Malam Sale. Na san fuskarsa a madubina fiye da yadda na san ta wasu 'yan uwana. Na san haƙorinsa na sama ɗaya ya gutsure. Na san ranar da ya yi aski. Idan mace za ta iya gane wannan duka ta madubin mota, ai ka san tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai tsawon buta ba.

Na biyu, hon da fitila. Ina kan hannuna, gabana tirela, gefena ɗan keke, amma na baya yana danna hon yana haska ni da rana tsaka. Na sha tambayar kaina ina yake so in shiga. A jami'a an koya mana abubuwa da dama, ba a koya mana tashi sama da mota ba.

Na uku, tsayawa ba sigina. Mutumin da ya gama korata da hon, da zarar ya wuce ni ya hango fasinja ya ɗaga yatsa, sai ya dawo gabana ya ci birki. Ashe saurin nasa duk na zuwa ya tsaya ne.

Na huɗu shi ne ya kawo ni ofishinka. Bayan babbar sallah, muna dawowa daga gashi, na rage gudu a wani tudun kan titi bayan gadar Kawo, Malam Sale ya daki bayan motata. Bugun ba mai ƙarfi ba ne, fitila ɗaya ce ta fashe. Amma Umma ta gangaro daga kujera ta faɗo kan ƙugun da aka yi wa aiki, kuma ƙarar da ta yi har yau ba na son tunawa. Kafin in buɗe ƙofa mutane sun taru. Kowa ya ce tsautsayi ne. Wani dattijo ya ce in gode wa Allah ba a rasa rai ba, na kuwa gode. Malam Sale ya bayyana wa jama'a cewa ni ce na taka birki, aka gyaɗa kai kamar an kama ni da wani abin kunya. Wani ya leƙa ya ga wadda ke kan sitiyari ya ce dama mace ce. Cikin ɗan lokaci shari'a ta ƙare: shi aka ba uzuri, ni aka ba haƙuri. Na lura a wannan gari wanda aka buga shi ake roƙo, kuma idan bai yafe da wuri ba shi ne mai taurin zuciya.

Hoto ya nuna ƙarfen da ke ƙugunta bai motsa ba, alhamdu lillahi. Abin da ya karye shi ne ƙarfin zuciyarta. Umma ta rantse ba za ta sake shiga mota ba. Ta ce gara ta mutu a gadonta da ta mutu a bakin titi 'yan kallo suna ɗaukarta hoto da waya. Makonni suka wuce, ƙafar ta fara ƙin lanƙwashewa, mai gashin ta kira ni ta ce idan aka ƙara daɗewa aikin da aka yi a baya ya tashi a banza. A wannan halin na same ka. Ban zo neman kuɗin fitila ba, kai ma shaida ne. Na zo ne in ji ko akwai wanda ke gaya wa direbobinka cewa a cikin motar da ke gabansu mutane ne. Ka ce in rubuto.

Da a makon na rubuto, da wasiƙar ba ta karantuwa a gaban yara. Allah ya sa na jinkirta, har abin da zan ba ka labari ya faru.

Da ƙyar, da roƙo da sa bakin ƙanwarta, Umma ta yarda ta gwada sau ɗaya. Aka yi gashi lafiya. Muna fitowa ta hango mai tallar tabarma a bakin ƙofar asibiti, ta ce lallai sai na saya mata doguwa, ta tsakar gida ta tsufa. Tabarmar ta fi ƙarfin but ɗin mota, sai muka nannaɗe ta muka ɗaure, rabinta a waje. Rana kuma tana dukan gilashin baya, Umma ta ja farin zanen gadon da muke zuwa da shi ta rufe jikinta har fuska, ta yi barci. Ni ban kawo komai a raina ba. Na kama hanya a hankali kamar kullum.

Wajen Kawo na duba madubi na ga hula ruwan toka. Na ƙara riƙe sitiyari. Ya taho kamar yadda ya saba, ya matso har ya hango abin da ke kujerar baya. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba: bas ɗin ta ja baya. Ta ci gaba da ja har na daina ganin haƙorinsa, na daina ganin fuskarsa, sai motar kawai daga nesa. Ya kunna fitilun gefe biyu suna ƙyaftawa. Wata bas ta taho a guje za ta shiga tsakaninmu, ya zura hannu ta taga ya yi mata alama, ita ma ta lafa ta bi bayansa. A tudun nan da ya buge ni na rage gudu, ya rage tun kafin in rage. Babu hon ko ɗaya. 'Yan keke suna kaucewa, wani mai sayar da rake a bakin hanya ya miƙe tsaye yana motsa baki. Tun da nake bin hanyar Zariya ban taɓa tafiya mai daɗi irin ta ranar ba. Na ɗauka ko kai ne ka yi musu magana, har na fara jin kunyar abin da na faɗa a kanka a zuciyata.

Na karya kwanar unguwarmu, ya karyo ya biyo ni da fasinjojinsa. Na tsaya a ƙofar gida, ya tsaya nesa, ya fito, maza huɗu ko biyar suka biyo shi, kowa kansa a ƙasa. Ya durƙusa ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, ya tambaya ko akwai maza a gidan ko su kama a shigar da ita. Daga baya ya gaya mini ya gane motar, ya ɗauka bugun nan ne ya zama ajalin tsohuwar, kuma tun daga Kawo yake istigfari.

Ban kai ga ba shi amsa ba, zanen ya motsa. Umma ta yaye fuskarta ta ce, "Wa ya rasu?"

Ɗaya daga cikin fasinjojin bai tsaya jin amsa ba, har yau takalminsa ƙafa ɗaya yana zaurenmu, idan ka san shi ya zo ya karɓa. Malam Sale kuwa zama ya yi a ƙasa. Na yi wa Umma bayani, na ce shi ne mutumin ranar nan, kuma shi ne ya rako mu yau. Ta dube shi ta ce, "Ashe ka iya tuƙi, ɗana. Jira kake in mutu."

Ta yi dariya har ƙugun ya hana ta. Shi da mutum biyu suka ɗauke ta a kan kujera suka shigar da ita ɗaki, da lallaɓawar da ko ma'aikatan asibiti ba sa yi. Ya roƙe ta gafara, wannan karon babu taron jama'a, babu wanda ya ce masa ya roƙa, ta kuma yafe. Ta sa aka ba shi ruwa da fura, fasinjojinsa suna jira a mota, babu wanda ya yi ƙorafin ɓata lokaci.

Ranka ya daɗe, ka ga inda wasiƙar ta dosa. Da ina tsammanin direbobinka ba su san tazara ba ne, ko birkinsu ne ba ya ci, ko neman abinci ne ya hana su haƙuri. Ranar nan na ga sun san komai. Sun san yadda ake barin fili, sun san amfanin fitilun gefe, sun san yadda ake kare motar gaba daga ta baya. Ilimin yana nan cif, an dai ajiye shi ne don mamaci. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ina alfahari da garin da mai bas zai bar layinsa ya raka gawar da bai sani ba har gida. Sai dai gawa ba ta jin zafin rami. Umma ce take ji.

Don haka ga roƙona, kuma babu wanda zai ci maka ko kwabo.

Ɗaya, ranar da kuke taron tasha ka ba su wannan labari, ko ka sa Malam Sale ya ba su da bakinsa, ya fi ni iya ba da shi. Ka ce kowace mota suka gani tana tafiya a hankali, su ɗauka akwai dalili, ko ba su hango farin zane ba.

Biyu, direban da ya daki mota ta baya ya fara tambayar lafiyar waɗanda ke ciki kafin ya fara bayanin birki. Kalmar tsautsayi a bar wa wanda aka buga ya faɗe ta da kansa idan ya ga dama.

Uku, sigina. Tana nan a gefen sitiyari, hannun hagu, ba ta shan mai.

Umma ta ba da shawarar mu bar tabarmar a but ɗin dindindin. Na yi tunanin abin, ba zan ɓoye maka ba, amma na ƙi. Ba na son in riƙa karɓar gaisuwar mutuwar uwata duk Talata da Alhamis tana raye, kuma ba na son mutane su gano dabara ce su daina girmama gawar gaske. Tabarmar tana tsakar gida, wurin da aka saye ta dominsa. Malam Sale yanzu idan ya hango mu daga nesa yake ɗaga hannu, rabon da in ga haƙorinsa har na manta wane ɓangare ne ya gutsure. Saura abokan aikinsa, su kuma a hannunka suke.

Allah ya taya ka riƙo, ya kiyaye direbobinka da fasinjojinsu, ya sa kowa ya koma gidansa da ƙafarsa. Allah ya ba ka kunnen da babu waya a kansa.

Zan tsaya nan, yau Alhamis ce. Ina rubutu na ji ƙwanƙwasar sandar Umma ta ratsa tsakar gida ta wuce zaure, ba ta kira kowa ya riƙe ta ba. Yanzu kuma na ji ƙofar mota ta rufe, kuma ta gaba ce, ba ta baya ba. Bari in ɗauki makulli kafin ta fara danna mini hon.

Wassalam.

Taka mai bin hannun dama,
Binta Lawal, Katabu