Firemwok Ba Ya Jiran Mai Jego

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Abban yara. Ya ciwon bayan nan naki? Ni dai alhamdu lillahi, sai nauyin jiki.

Yaya, hutun haihuwata ya matso. Kin san aikina gina shafukan intanet ne a kan abin da muke kira firemwok, wato ƙwarangwal ɗin da ake ɗora shafi. To a ofishinmu ba a barin ƙwarangwal ya tsufa. Da an ji sabo ya fito sai Dogo, abokin aikina, ya hau zumuɗi, a rushe a sake gini. Wanda ya tafi hutu yakan dawo ya tarar bai san ko layi ɗaya ba, daga nan a fara yi masa kallon tsohon kaya. Tsorona in dawo babu gurbina.

Ni a ganina duk kwalliya ce. Mai buɗe shafi ba ruwansa da ƙwarangwal, shi dai shafin ya buɗe da sauri a tsohuwar wayarsa. Na faɗa, an ce na cika son jiki.

Da rana nakan jingina da taga, fanka na kaɗa labule, in yi ta hango zamanin 'yar nan da ke cikina. Ba allo, ba madannai. Ta yi magana a hankali, shafi ya tsiro a gabanta kamar kumfar sabulu, ta gama da shi ya ɓace. Sai ta riƙe yatsuna tana tambaya me na yi ta dannawa haka duk rayuwata. Nakan daɗe a can har shayina ya huce.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ya yaran? 'Yarki tana nan ta yi ɓul-ɓul, hancinki ta ɗauko.

Na koma aiki. Abin da na ji tsoro ya faru, sun rushe komai sun sake gini a kan sabon firemwok. Na zauna gaban kwamfuta kamar baƙuwa, na fita matakala na yi kukana. Oga ya ce zai duba inda zan dace, kin kuwa san abin da wannan ke nufi.

Ana cikin haka masu sabon firemwok ɗin suka fitar da wani salo da ya saɓa da na baya gaba ɗaya. Duk abin da su Dogo suka haddace ya tashi a banza, kowa ya koma ɗan koyo. Jiya Dogo ya jawo kujera kusa da tawa, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ke kanki bai cushe da tsohon ba. Karanta mana bayanin sabon salon daga farko."

Na karanta, Yaya. Gobe ma ni ce mai karanta musu.

Taki har kullum,
Auta