Ƙuri'ar Shafi'u

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Ni Kalla, manomin albasa, mutumin ƙasar Karofane, nake wannan rubutu da hannuna, da ɗan bokon da na koya a ajin manya. Ina cikin hankalina sarai. Na san yau Talata, na san sunan kowa a gidana har da jikoki. Ƙafafu ne suka kumbura, ciki ya tashi, likita kuma ya ce in koma gida in huta, yana faɗa yana kallon takarda. Na gane abin da yake nufi. Na fara da maganar hankali ne don abin da ke tafe zai sa wani a cikinku ya ce ciwo ya taɓa wa tsoho kai. Bai taɓa ba.

Zuwa ga ɗiyana Mustafa da Balkisu da Zuhura. Mustafa, yau na kama sunanka, abin da kunyar ɗan fari ba ta taɓa barina na yi ba. Kai za ka karanta wannan takarda bayan an dawo daga kai ni, kafin a shimfiɗa tabarmar gaisuwa. A zaunar da innarku Lantana, da Salima matar ɗan'uwanku Shafi'u, da mahaifinta Barmo, da liman. Kada ka tsallake layi ko ɗaya don tausayina.

Tsoro nake ji, ɗiyana. Ba zafin ciwon ba, wannan na saba da shi. Kwanciyar kabari nake tsoro, da tambayar da za a yi mini a can.

Na ɗaya. Shafi'u ba ya duniya. Ya rasu a hamada, gaba da Agadas, a kan hanyar Libiya, wata biyu bayan ya bar gida. Motarsu ce ta mutu, ruwa ya ƙare. Wani mutumin Keita, Ɗan'azumi, wanda suka yi tafiyar tare, shi ya rufe shi da hannunsa. Shekara shida ke nan da ya neme ni a kasuwar Buza ya faɗa mini, ya kwatanta shi har tabon lauje da ke hannunsa na hagu. Na roƙe shi ya yi shiru, na ce ni zan sanar da gida a hankali. Ban sanar ba. Ɗan'azumi yana nan da ransa a Keita, yana sayar da fata, duk mai shakka ya je ya tambaye shi.

Na biyu. Za ku ce to wa na gani a Madawa ranar zaɓe? Ban ga kowa ba. Ga yadda aka yi.

Kun san ni da Shafi'u a Madawa muke yin rani, wurin albasa, kuma can masu rubuta sunayen 'yan zaɓe suka iske mu suka rubuta mu. Bayan tafiyarsa da wata huɗu aka yi zaɓe, na shugaban ƙasa da na depite, wato ɗan majalisa, rana ɗaya, yau shekara tara da ɗoriya. A waccan shekara an ce wanda sunansa ke cikin jerin sunaye amma ba shi da takardar da ke nuna shi ne, yana iya zuwa da mutum biyu na biron nan, wato rumfar zaɓensa, su shaide shi, sai a bar shi ya jefa ƙuri'a. An yi haka ne don mutanen ƙauye irinmu da ba su da takardun haihuwa. An kuma karanta mana, da Hausa ma, cewa wanda ya yi shaidar ƙarya kaso, gidan yari, ne makomarsa. Na ji da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Da hantsi uban ɗakina, wanda nake ajiye albasa a rumfarsa shekara goma sha, ya ja ni gefe. Ya rasu, ba zan kama sunansa ba. Yana yi wa wani mai neman kujerar depite aiki. Ya ce, Kalla, ƙuri'ar ɗanka tana shirin lalacewa a banza, alhali kowa ya san inda zai jefa ta da yana nan. Ya nuna mini wani saurayi dogo da ban taɓa gani ba.

Ku fahimce ni, ba don ku wanke ni ba. Mu mutanen Adar, in ɗanka ya tafi cirani, kai kake nome masa gonarsa. Kai kake raɗa wa ɗansa suna, har aure kana karɓa masa. Sai na ɗauka ƙuri'a ma haka take, kayan gida ce, uba yana riƙe wa ɗa. Ashe ita ba gona ba ce. Kuma in faɗi gaskiya, ban iya kallon mutumin nan in ce masa a'a ba. Muka shiga ajin lakkol, makarantar boko, inda aka yi biron. Shugaban biro ya tambaye ni ko na san wannan, na ce ɗana ne Shafi'u. Saurayin ya juyo ya ce mini Baba, don a ji, ni kuwa na amsa. Ya dangwala yatsa gaban sunan ɗana, ni ma na dangwala a matsayin shaida. A ranar Shafi'u ya yi wata biyu a ƙasa, ban sani ba.

Da abin ya tsaya nan, da tsakanina ne da Allah da hukuma. Amma akwai mushe Aminu, yadda muke kiran malaman boko, malamin lakkol ɗan garinmu, da aka kai aikin zaɓe Madawa. Wurin tattara takardu ya ga sunan Shafi'u da yatsa a gabansa, ga nawa a gefe. Bawan Allah ya ɗauka albishir ne. Kafin in dawo gida ya riga ya faɗa wa innarku. Na iske ta a bakin ƙofa tana kuka tana dariya, Salima na bayanta da goyon ɗiyarsu Ikram. In na ce ƙarya ne, na tona kaina gaban ma'aikacin zaɓe. Na ga kaso, na ga jandarma suna ɗaure ni a gaban surukaina. Sai na ce eh, ya zo, kwana ɗaya ya yi, mota na jiransa, ya ce a gaida kowa. Innarku ta tambaye ni ko ya rame. Na ce a'a, ya yi ƙiba.

Daga nan ban sake samun hanyar dawowa ba. Duk shekara sai na ƙara wata. Na ce ya kira ni a wayar wani. Na ce wani ya gan shi a Sabha yana gini. Mota ba ta taɓa tsayawa a ƙofar gidan nan ba ba tare da na ɗauka jandarma ne suka zo kama ni ba. Kun sha yi mini tsiya cewa Baba ya tsufa, ko motar allurar rigakafi ya gani sai ya shige rumbu neman abin da bai ajiye ba. Na bi ku mun yi dariya. Wataƙila ma lokacin da doka za ta kama ni ya wuce tuni. Ban sani ba, don tambayar ma tsoronta nake.

Na uku. Salima, ɗiyata, ke na fi zalunta. Kin shigo gidan nan da ƙuruciyarki, kin zauna shekara goma kina jiran wanda ba zai zo ba, kuma shida daga ciki da sanina. Kin daka mana, kin yi jinyar innarku, yanzu ke ce mai ɗaga mini ƙafa ki sa matashi. Duk ranar da kika miƙo mini fura sai na ji kamar in faɗa, sai in dubi ƙoƙon in sha. Sau uku na kira ki a watan nan, kika durƙusa, na ce ki miƙo mini buta. Ba buta nake so ba.

Babu igiyar kowa a kanki. Maganar takaba, liman ya yanke, ni ban kai ba. Ɗakinki naki ne in kina son zama, in kuma kin tashi, a raka ki da kayanki duka cikin mutunci. Mustafa, kada in ji wani ya ce a riƙe ta don yarinya, ko a nuna mata wani a dangi. Ta zaɓa da kanta. Ba na cewa ki yafe mini yau, Salima. In wata rana zuciyarki ta yi sanyi, ki tuna da ni, don ba ni da abin da zan tsaya da shi gaban Allah a kan hakkinki.

Na huɗu. Gabar da ke tsakanin gidan nan da gidan Barmo ta ƙare daga yau, kuma shi ne mai gaskiya. Shekara biyar da suka wuce ya kai magana fada, yana neman a raba auren ɗiyarsa tunda miji ya ɓace. Na tashi a gaban mutane na ce na gan shi da idona, kuma akwai takardar hukuma da yatsansa a kai. Aka ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Barmo ya ce a'a, shi ba ya sa surukinsa rantsuwa, in Kalla ya ce ya gani, to ya gani. Ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Salima da ta ji haka ta ce za ta ci gaba da jira. Ku kuma kuka ɗauke masa gaisuwa, kai Mustafa har ka ce yana yi wa ɗan'uwanka fatan mutuwa. Da ya bari an kawo Littafin nan, wallahi ban san abin da zan yi ba, kuma wannan rashin sanin yana cikin abin da ke hana ni sukuni. Ku je gidansa ku ukun, ku cire takalmi, ku ba shi haƙuri. Balkisu, ke ce mai kaifin baki, kin gaje ni, ki bari yayanki ya yi maganar.

Na biyar. Tunda Shafi'u ya riga ni, Ikram ba ta da rabo a gadona. Saboda haka na ba ta lambun albasa na bakin fadama, wanda ke da rijiya, a matsayin wasiyya. Na auna, bai kai sulusin abin da na bari ba. Gonar Shafi'u ta tudu kuwa ba tawa ba ce, na dai yi ta nomawa. Liman ya raba ta kamar yadda ya kamata a raba tun rasuwarsa, kason da ya faɗo kaina a ƙara wa Salima. Sauran gonaki da dabbobi a bi shari'a. Amalanke da jakin su zauna a gida, kowa ya yi aiki da su. Zuhura, rediyon nan da kika sa wa ido tun kina ƙarama, ɗauki, ya fi ki surutu.

Na shida. Mustafa, ka ɗauki Ɗan'azumi da wannan takarda ku je meri, ofishin magajin gari, in sun tura ku wurin alƙali a Buza ku je, a rubuta rasuwar Shafi'u da lokacinta na gaskiya, a cire sunansa daga jerin masu zaɓe. In aka tambaye ka yadda mamaci ya yi zaɓe, ka miƙa takardar. Kada ka rufa mini asiri. Mushe Aminu ba shi da laifi, abin da ya gani a rubuce ya faɗa.

Kuma duk ranar da aka sake kiran zaɓe, ku ji ni da kyau. Kowa ƙuri'arsa ɗaya, da ƙafarsa, a inda sunansa yake. Kada ku riƙe kartin zaɓen wanda ya tafi cirani, ko ɗan cikinku ne. Kada ku shaidi fuskar da ba ku sani ba, ko wa ya ja ku gefe. Na kasance ina ganin dokokin nan na 'yan boko ne, an yi su don a wahalar da talaka a layi cikin rana. Mutumin da na yi wa wannan aiki ya samu kujerarsa, ya gama wa'adinsa, bai san sunana ba. Ni kuwa na shigar da ƙarya gidana da yatsa ɗaya, ta ci mini suruka, ta ci mini aboki kamar Barmo.

Na bakwai. Innarku. Lantana, shekara arba'in da biyu muna tare, ban taɓa ɓoye miki ko hatsin rumbu ba sai wannan. Na sha ganin ki ranar kasuwa kin tsaya inda motocin arewa ke sauke mutane, kina cewa gishiri kika je saye. Kowace Salla kina ɗebe masa soyayyen nama ki ajiye har ya bushe. Ina gani, na yi shiru. Na ce wa raina tausayinki nake ji, amma ƙarya ne, tsoron idonki nake ji. Balkisu da Zuhura, ku zauna kusa da ita lokacin da za a karanta wannan wuri, ku riƙe ta. Duk abin da ta faɗa a kaina ku bar ta ta faɗa, kada wanda ya ce mata ba a zagin mamaci.

Ɗiyana, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi mini. Allah ya raya Ikram, ya buɗa wa Salima. Kada wannan takarda ta watsa ku. Za a yi ta magana a gari, za a nuna ku da baki a rijiya da masallaci, ku haɗa kai ku jure, kunyar tawa ce ba taku ba. Ku ci tuwo a kwano ɗaya, ku riƙe innarku, kada a gina katanga a tsakar gidan nan. Ku roƙa mini gafara da yawa, don ina tafiya da tsoro.

In mutane sun taru, liman ya fara yi wa Shafi'u addu'a kafin ni. Shekara goma yana kwance babu wanda ya ce Allah ya jiƙansa a gidan ubansa. Ku karɓi gaisuwarsa tukuna, tawa ta jira.