Na Sa Wa Taraktarka Itace a Gurbin Roba

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma da wuya ka iya, don rubutun wanda aka kora daga makarantar lakwal tun yana aji uku ne, kuma ina yin sa ƙafata ɗaya na bisa turmi, ta kumbura kamar kabewa. Injin taraktarka ne ya faɗo mata. Ba laifinsa ba ne. Ni na ɗaure shi da igiyar guga, na rataye shi a reshen aduwa, na tsaya a ƙarƙashi ina yaba wa kaina dabara.

Ka san me ya kai ni? Takabar matarka Hadiza ta kusa ƙarewa. Ubanta ya aiko daga Kelle cewa zai zo ya duba garkarka ta kwari. In ya tarar an kafce an dasa albasa, zai bar mana ita da 'yan matanka biyu. In ya tarar da ciyawa, zai tafi da su, don ya ce jikokinsa ba za su ci barkwanci su ƙoshi ba. Na so in ji haushi, amma da wane baki? Mutumin ya san ni. Irin albasar da ka ajiye kafin ka kwanta ciwo, mun yafa shi, ya isa dashe, har ya fara wuce lokaci. Bayana ba ya iya fartanya. Abin da ya rage mini shi ne 'yar taraktar nan taka mai ƙafa biyu, wadda ka tsinto a bayan wani gareji a Damagaram, ta girme ka nesa ba kusa ba, ka yi ta lallashinta har ta yarda ta tashi.

Robobin nan huɗu da injin yake zaune a kansu sun cinye. Ɗaya ta rabe biyu, sauran sun koma kamar ƙosan da ya kwana. In na tayar da taraktar, injin ya dinga tsalle kamar zai bar ni ya tafi kasuwa. Sai na ce a raina, roba ai raguwa ce, shi ya sa ta mutu. Na ɗauki taɓaryar uwarka ta itacen kirya, na yanka gunduwa huɗu, na huda, na zaunar da injin a kai, na ɗaure tamau. Uwarka ta ce tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa ganin na riƙe taɓarya ba sai ranar da zan kashe ta.

Taraktar ta tashi kuwa. Ban kai ƙarshen kunyar farko ba haƙorana suka fara kaɗawa, hannuwana suka mutu, tiyon man gazuwal ya ɓalle, ɗaya daga ƙafafun ƙarfen injin ta tsage. Garin ciro shi in kai walda ne ya sauka a ƙafata.

Da na ba Kaila mai walda labari, ya yi dariya har ya ajiye tabaransa. Ya ce aikin robar nan shi ne ta shanye girgiza, itace kuwa ba ya shanyewa, miƙa wa na gaba yake yi. Na tuna yadda gidan nan yake shiru lokacin da kana nan. In rairayi ya gangaro ya binne shingen garka, ba na ji. In rijiya ta rufta, sai bayan an gyara nake samun labari. Ashe duk a kanka yake ƙarewa, ni ina gindin dabino ina ba mutane dariya?

Kai ne na fari, don haka ban taɓa kiran sunanka ba. Mai Baƙin Hannu nake ce maka, ko Alhajin Gazuwal, kai kuma ka yi murmushi ka wuce. Kunya ta hana ni, kuma ta yi mini daɗi, don ta ba ni wurin ɓuya. Isiyaka. Ga shi na rubuta. Isiyaka, na sha tsayawa bayan shinge ina kallon ka kana aiki, zuciyata ta cika, in ka ɗago kai sai in ce wandonka ya yage. Ka gane kuwa? Ko ka tafi kana zaton ubanka bai ga komai ba?

Yanzu ga inda muke. Sababbin robobi babu su a Gure. An tambaya mini a Damagaram, mai kanti ya ce irin wannan inji kakansa ma labari ya ji. Gambo mai yanka takalmin taya ne ya cece ni. Ya samo tayar babbar mota, ya yanko wurin da ya fi kauri, ya haɗa biyu biyu, ya huda da jan ƙarfe. Kaila ya liƙe ƙafar injin da ta tsage, ya zo da kansa muka mayar da injin. Amma ya ce ɗaurin noti nawa ne, shi ba ya ɗaukar alhakin marayu. In na matse da yawa, robar ta zama itace. In na sassauta, injin ya yi tsalle ya sake tsagewa, kuma ya ce wannan ƙafa ba za ta karɓi wuta karo na biyu ba. Kai tafin hannu kawai kake ɗorawa a kan injin, ka karkata kai, ka ƙara juyi kaɗan. Me kake ji a tafin nan? Na ɗora nawa, zafi kawai na ji. Na ɗaure na kwance har notin ya fara gajiya da ni. Ban tayar da ita ba tukuna. Tsoro nake ji, ɗana, irin wanda ban ji ba ko ranar da muka ɗauke ka zuwa maƙabarta.

Gambo da Kaila ba su karɓi komai ba. Kowannensu ya ce in kafce masa garkarsa, kuma tasu ce farko, don sun san in na fara da taka robar tana iya mutuwa kafin a zo kansu. Na amsa, da me zan ƙi? Gobe in Allah ya kai mu uwarka za ta riƙe ni har kwari, in ja igiyar injin da bismillah. Garka biyu ke tsakanina da 'ya'yanka. In robar Gambo ta kai ni ta uku, ƙaramar za ta girma tana jin ana kiran sunanka a gidan nan, don na fara, ba zan daina ba.

Ka huta lafiya, Isiyaka. Allah ya yi maka albarka, wannan ba wasa a ciki.

Ubanka Lawali, wanda ake bi kaftun garka biyu kafin ya taɓa taka.