Ranar da Hassi Ta Kira Sunan 'Yar Farinta

Yaya Sa'adu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin Jos? Inna tana lafiya.

A taron iyaye na makaranta, Hassi matar Bello, wadda kunya ba ta taɓa bari ta kira sunan 'yar farinta ba, ta miƙe gaban maza ta ce, "Rabi ba sakarya ba ce. Gubar dalma ta sa karatu ke mata wuya. Ku bi ta a hankali." Sai mata suka riƙa miƙewa da nasu labarin. Washegari malam ya ajiye bulala.

Yaya, mun daɗe muna roƙon a daina dukan yaran nan ba a ji ba. Me ya sa suna ɗaya ya isa?

Ka gaida yara, ka sa ni a addu'a. Taro mai zuwa ni ma zan gwada kiran sunan ɗan farina.

Ƙanwarka Zulai,
Bagega