Wa Ke Kai wa Waliyyin Hasumiya Abinci?

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Yayarka ta sauka lafiya, an samu mace. Mahaifiyarka kuwa tana nan a asibiti, ɗakin mata, gadon ƙarshe kusa da taga. Yanzu ko cokali ya fi ƙarfin hannunta.

Littafin da ka rubuta ya iso, kullum da hantsi nakan karanta mata. Ka iya ƙaga duniya, ban hana ka ba: birnin da annoba ta cinye, rana ta daina fitowa, mahukunta na garƙame gidajen masu tari. Ta fi son tsohuwar nan mai tafasa ruwa, wadda ke bi gida-gida tana wanke majinyata, bakinta na addu'a, hannunta cikin baho. Da ka kashe ta a tsakiyar labari, ka bar ceton birni ga waliyyin da ya hau hasumiya ya ƙi taɓa kowa, sai mahaifiyarka ta yi dariya har ta sarƙe. Ta ce in tambaye ka wa ke hawa da abincinsa, wa ke wanke masa kaya.

Ni ma na yi boko, na karanta irin waɗannan tun ba a haife ka ba, kuma na gaji da tsarkin da ba ya jiƙa hannu. Saƙonninka na zuwa, ka ce ka bar lamarinta ga Allah, zuciyarka ta natsu. Madalla da natsuwarka. Nan kwanciya ta fara huda mata baya, dole a riƙa juya ta, ni kuma ƙuguna ya ƙi. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce ga ɗakin duka. In na kira, ta ce tana zuwa, shi ke nan.

Jiya likita ya ja ni gefe, ya ce in kira wanda zan kira. Mahaifiyarka ta hana ni gaya maka, wai kada a katse maka rubutu. Na saɓa mata. Ka zo, Auta. Duk sanda aka buɗe ƙofa sai ta ɗaga kai, ta ga ba kai ba ne, ta ce mini dama ba ta jiran kowa.

Yayarka da mijinta suna gaishe ka, haka Kawu Direba. Ka gaishe da matarka, ka shafa mini kan yara.

Ni ne mahaifinka,
mai zaman jinya.